Yadda ake wankin daɓen mabul, giranait da tarazo ba tare da an kashe dutsen ba

Kwanakin baya wata Hajiya ta kira ni gidanta a unguwar Malali a Kaduna, sabon gida ne ko wata uku ba a yi da tarewa ba, tace Malam don Allah zo ka duba min falon nan, kullum sai an goge shi safe da yamma amma ya ƙi haske, kamar an watsa mai toka. Ina shiga na cire takalmi na durƙusa na shafa ƙasan da tafin hannu, sai naji kaushi-kaushi kamar bayan tukunyar ƙasa, kuma in ka kwantar da kai ka kalla ta wajen taga inda haske ke faɗowa zaka ga sawun tsintsiya ya zauna a jikin dutsen layi-layi, har da wani zagaye inda aka ajiye gindin jarka. Nace Hajiya wa ya wanke gidan nan bayan magina sun tashi? Tace wasu yara aka kawo, sun zo da wani ruwa a jarka, in sun zuba har hayaƙi yake yana kumfa. Nace ranki ya daɗe ai ba datti bane wannan, ƙuna ce, asid suka zuba wa mabul, ko shekara za a yi ana mofa ba zai dawo ba sai an sake kankare fuskar dutsen da inji. Wallahi abun ya min ciwo, don dutse ne mai kyau, an kashe kuɗi, kuma cikin rabin yini aka lalata shi.

Shi yasa duk yaron da ya zo koyon aiki wajena, kafin ya taɓa inji sai ya iya bambance dutse tukunna, kuma kai ma daga nan zaka fara.

Mabul sinadarinsa ɗaya da na ɓawon ƙwai, wato kalsiyam kabonet. Ka jefa ɓawon ƙwai cikin ruwan kal ko ruwan lemun tsami ka ga yadda yake tsattsafo da kumfa, to haka mabul yake yi, narkewa yake. Duk danginsa haka suke, da wanda ake shigowa da shi daga Italiya ko Turkiyya da namu na gida irin na Jakura a Kogi da Igbeti a Oyo, da tarabatin mai ƙananan ramukan nan. Tarazo ma da ya cika tsoffin gidajen gwamnati da makarantu da masallatai a Kaduna, tsakuwar mabul ce aka kwaɓa da siminti aka goge, kaga kenan da tsakuwar da simintin duk asid na cinsu. Giranait kuma daban yake, irin dutsen Kufena ne na Zariya da duwatsun Kajuru, mai ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gishiri da barkono, yana da tauri sosai kuma lemun tsami baya masa komai nan take. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs da ke tafiya daga 1 zuwa 10, mabul yana wajen 3, giranait 6 zuwa 7, yashi kuma 7. Riƙe wannan lissafin don zamu dawo kansa.

In baka tabbatar da abinda ke gabanka ba, nemi lungu inda ido baya kaiwa, bayan ƙofa ko inda kujera zata rufe, ka ɗiga ɗigo ɗaya na lemun tsami ka jira minti biyu ka goge. In yayi kumfa ko ya bar dusashen tabo, dangin mabul ne, asid ya haramta a gidan gaba ɗaya. In bai yi komai ba to giranait ne ko kuma tayil ne na kamfani da aka zana masa hoton mabul, waɗannan suna da yawa yanzu, zaka gane su don zanen yana maimaita kansa daga wannan tayil zuwa wancan, dutsen Allah kuwa babu biyu masu zane iri ɗaya. Kuma ko giranait ɗin ne ni bana yarda a zuba masa asid, don yana cinye simintin da ke tsakanin layuka.

Bayan ka san dutsen sai ka san ciwon. Abu huɗu ne mutane ke haɗawa su kira datti. Akwai dattin gaske da ya kwanta a sama, ƙura da maiƙo da ragowar sabulu. Akwai tabo da ya shige cikin dutsen, shi kullum ya fi dutsen duhu, kamar manja ko zoɓo. Akwai ƙuna da karce, su kuma sun fi dutsen haske kuma hannu na jin kaushinsu. Sai tsohon folish da aka yi ta shafawa shekara da shekaru har ya zama rawaya, in ka kankara da kuɗin ƙarfe ko farce zaka ga yana tashi kamar kakin kyandir. Kowanne da maganinsa, kuma ka zagaya da mai gida ka nuna masa su ɗaya bayan ɗaya kafin ka faɗi kuɗi, ka ɗauki hoto da waya, ka gaya masa gaskiya wanda zai fita da wanda ba lallai ya fita duka ba. Wannan zagayen na minti goma shi ke hana rigima ranar biya.

Kayan aiki ba su da yawa amma biyu daga ciki su ne manya. Na farko injin goge ƙasa mai faifai ɗaya, wanda aka fi samu mai inci 17 ne yana juyawa sau 175 a minti, na biyu injin tsotsar ruwa. In zaka zaɓi ɗaya saboda kuɗi, wallahi ka fara sayen mai tsotsar ruwan, don da burushin hannu mai doguwar sanda zaka iya gurzawa, amma babu abinda zai maye maka tsotsa. Sai fad na inji, wato soson zagaye da ake sawa a ƙasan faifan, farin shine mafi laushi, ja na binsa, kore ya fi su kaushi, baƙi kuma na kankare tsohon folish ne, kar ka kuskura ka ɗora kore ko baƙi akan mabul mai sheƙi. Sai bokiti biyu, mofa mai tsabta, robar jan ruwa, ƙananan burusai na roba, fararen tsummoki, leda da salatif na takarda, safar hannu da takalmin roba. Sabulun kuma kala biyu, na yau da kullum wanda aka rubuta pH 7 a jikinsa, ba tsami ba kanwa, da kuma mai ƙarfi na cire maiƙo wanda yake ɓangaren kanwa, wajen pH 10, aka kuma rubuta cewa na dutse ne. Ka karanta jikin jarka da idonka, kar ka tsaya kan "ai yana wanke komai oga" na mai shago.

Ka tambayi maganar wuta da ruwa tun kafin ranar. Injinan nan biyu in suka haɗu suna jan wuta fiye da ƙarfin ƙaramin janareton nan na fanka da caji, kuma in NEPA ta ɗauke kana tsaka da aiki sabulu ya bushe a ƙasa aiki ya dawo sabo. Wayar wuta kuma a rataye ta sama, mahaɗin kar ya taɓa jiƙaƙƙen ƙasa ko da wasa. Ruwa ma ka duba, wasu bohol ɗin a garin nan ruwansu na da ƙarfe, in ka tara a farin bokiti ya kwana zaka ga ja-ja a gindi, irin wannan in ka wanke farin mabul da shi a hankali yake rina shi, gara a sayo mai kyau don ɗauraya ta ƙarshe.

To an zo ranar aiki. A fitar da kaya duka, a ɗaga su, kar a ja, ƙafar kujera ɗaya mai ƙusa ta isa ta zana maka layi daga falo har ƙofa. A naɗe labule sama, a manna leda a gindin ƙofofin katako da kabad da duk wani ƙarfe, inda kafet ya haɗu da dutse a tare da tsumma. Sannan shara a bushe, kuma nan ne mutane ke gaggawa. Ka tuna yashi 7 mabul 3? Ƙurar hunturun nan da ke shigowa ta ko'ina daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da jar ƙasar da takalmi ke kwasowa daga layi, cike suke da ɓarɓashin yashi, in ka bar su ka ɗora inji to ka zama mai goga da samfefa. A share sau biyu da tsintsiya mai laushi ko a tsotse, musamman kusurwoyi da bakin ƙofa. Ragowar siminti da fenti da cingam a ɗaga su da abun kankara na roba, in dole sai reza to sabuwa, a kwance, kuma ƙasan a jiƙe.

Yanzu ka haɗa sabulu yadda aka rubuta a jarka, da ma'auni, kar ka ƙara don kana ganin datti yayi yawa, yawan sabulu shi ke barin danƙo da ke kama ƙura bayan kwana biyu. In falo ne ko ɗaki da ba maiƙo, mai pH 7 ya wadatar. In kicin ne ko wajen cin abinci ko gidan da ya shekara ba a masa wankin kirki ba, sai mai ƙarfin. Ka gwada a lungu tukunna ka bari ya bushe ka gani.

Ka fara daga can ƙuryar ɗaki kana yowa baya zuwa ƙofa, kuma kar ka jiƙa falon gaba ɗaya, yanki-yanki ake yi, kamar taku uku da taku uku. Shimfiɗa ruwan sabulun da mofa ya kwanta sosai, ka bashi minti 5 zuwa 10 ya jiƙa dattin, wannan jiran shine rabin aikin, amma fa kar ya bushe, da hunturu ko zafin Maris kafin ka juya ya fara ƙamewa sai kana yayyafa masa ƙari. Sai ka ɗora inji da jan fad ko fari in mabul ne mai sheƙi, burushin roba in dutse ne mai kaushi ko mai ramuka. Tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, kowane layi ya hau rabin na baya, in ka gama ka sake bi ta gicciye. Wanda bai saba ba inji zai ja shi ya buga bango, sirrin kawai hannun injin ya tsaya daidai ƙugunka, ka ɗan ɗaga ya tafi dama ka ɗan sauke ya dawo hagu, ba ƙarfi ake sawa ba.

Kana gamawa mai tsotsa ya biyo bayanka nan take. Wannan baƙin ruwan da kake gani shine dattin shekaru, dutse kuma yana da ƙananan ƙofofi da ido baya gani, in ka bar ruwan ya kwanta ko ka bi shi da mofa kana yawo da shi, komawa ciki yake yi, musamman cikin layuka. Abinda yasa gidaje da yawa kullum ana mofa amma layukan sun yi baƙi kenan, bokiti ɗaya ake wanke gida duka da shi. Bayan tsotsa a zuba ruwa zalla a sake bi da inji sama-sama a tsotse, a sake na biyu. Ni gwajina farin tsumma ne, in na goga a jiƙe ya fito fari kuma tafin hannu bai ji santsi ba to an ɗauraye, in ba haka ba a sake na uku.

Inji zagaye ne, baya shiga kusurwa, don haka gefen bango da bayan ƙofa da matakala aikin gwiwa ne da ƙaramin burushi, kuma anan ake gane aikin wanda ya iya, mai gida in ya shigo tsakiyar falo baya kallo, kusurwa yake leƙawa. Layuka ma haka, burushin roba siriri da sabulun nan mai ƙarfi. Banda burushin ƙarfe da soson ƙarfe na wanke tukunya, suna karce kuma ɓarɓashinsu na maƙalewa yayi tsatsa. In tarazo ne mai tsohon folish, akwai ruwan cire folish na musamman, a shimfiɗa a jira a bi da baƙin fad, wani lokacin sai an yi sau biyu ko uku kafin asalin tsakuwar ta fito, kuma ƙasan na yin santsi sosai a lokacin, a hana yara da tsofaffi wucewa.

Sai tabo, wanda shi ne ya fi cin lokaci da haƙuri. Tabon da ya shige dutse ba a gurza shi, jawo shi ake yi waje da kwaɓi. In na maiƙo ne, manja, man gyaɗa, humra ko man gashi da ya zube gaban madubi, ka kwaɓa farar hodar soda, wato bekin soda, da asiton zalla, sinadarin da ake cire fentin farce da shi, ko da ruwa in babu, yayi kauri kamar tunkuza, ka shafa akan tabon kaurin rabin yatsa ya ɗan wuce gefensa, ka rufe da leda ka manne gefuna da salatif, ka huda ledar wuri biyu uku, ka barshi awa 24 zuwa 48. Sannan ka cire ledar ka bari kwaɓin ya bushe ƙarau da kansa, don a wajen bushewar ne yake zuƙo man, kar ka yi saurin kwashewa. Kankare da roba, ɗauraye, bari ya bushe ka duba. Tsohon tabon manja yakan ci zagaye uku ko fiye. Asiton yana kama wuta, a buɗe tagogi, a kashe kaskon turare da risho.

In tabon shayi ne ko zoɓo ko goro ko lalle, hanyar ɗaya ce amma da haidirojin za a kwaɓa, na kemis ɗin nan da ake wanke ciwo yana yi a hankali, mai ƙarfi kashi 12 cikin ɗari ya fi sauri amma da safar hannu. Wannan na dutse mai haske ne, akan baƙi ko mai duhu yana iya koɗar da launi. Lalle dai ina gaya wa mata gaskiya, wani baya fita duka, in za a yi ƙunshi a shimfiɗa leda. Tsatsa kuma, irin zagayen da gindin tukunyar gas ke bari a kicin, ita ce mafi taurin kai, yawancin magungunan tsatsa na kasuwa asid ne, sai ka nemi wanda aka rubuta na mabul, kuma kar ka zuba mata Hypo, ƙara zaunar da ita yake. Tunda na ambaci Hypo, don Allah kar a taɓa haɗa shi da asid ko maganin wankin masai, iskar kilorin yake fitarwa, a rufaffen banɗaki tana iya kwantar da mutum.

Ƙuna da karce irin na gidan Hajiya, wannan ya wuce wanki ya shiga gyaran fuska. Ana ɗora wa injin fad masu ƙwayar daimon, wato lu'ulu'u, ana bi da ruwa daga mai kaushi zuwa mai laushi, lambobinsu 50, 100, 200, 400, 800, 1500, 3000. Ba kullum ake farawa daga 50 ba, ƙuna mara zurfi daga 400 ma ta isa, zurfin ciwon ke nuna inda zaka fara, amma daga inda ka fara baka tsallake lamba, don kowace lamba aikinta ta goge karcen wadda ta gabace ta, in ka yi tsalle daga 200 zuwa 800 zaka ga ƙasan yana sheƙi amma da zagaye-zagayen karce a ƙarƙashi in rana ta haska. Tsakanin kowace lamba a tsotse farin ruwan nan kamar koko a ɗauraye tas, ƙwaya ɗaya ta mai kaushi in ta rage zata ɓata maka na gaba. Daga ƙarshe sai hodar folish ta mabul da farin fad da ɗan ruwa kaɗan, ita ke fito da sheƙin nan kamar madubi, tana da ɗan asid na okzalik a ciki shi yasa ba a barinta ta kwanta, ana gamawa ake ɗaurayewa. Giranait hodarsa daban kuma aikinsa ya fi wuya nesa ba kusa ba, in baka taɓa yi ba kar ka koya a falon mutane, nemi ragowar yanka wajen masu sayar da dutse ka yi ta gwadawa. Banɗaki da wajen alwala da baranda da ruwan sama ke bugawa ni a 400 nake tsayawa, sheƙi da ruwa in sun haɗu santsi ne, kuma gidajenmu akwai tsofaffi.

Kafin sila, wato ruwan da ake shafa wa dutse don kar tabo ya shige shi da wuri, sai ƙasa ta bushe har ciki, ba sama kawai ba. Da rani kwana ɗaya da fanka ya kan isa, a Agusta kuwa ka bashi kwana biyu ko uku. In kana shakka manna leda faɗin tafin hannu biyu a ƙasa ta kwana, in da safe ka ga gumi a ƙarƙashinta ko wajen yayi duhu to da saura. In ka rufe danshi a ciki sila zai yi fari-fari kamar hazo. Haka in kaga wani farin gari kamar kanwa yana fitowa daga layuka da damina, gishirin siminti ne danshi ke turowa daga ƙasa, a share shi a bushe, a nemo inda ruwan ke shigowa, wanki da ruwa ƙara shi yake.

Kuma ba kowane dutse ke son sila ba. Zuba ruwa cokali ɗaya ka jira kwatan awa, ka goge, in wajen yayi duhu dutsen na sha, yana buƙata, in bai canza ba ka bar mai gida da kuɗinsa, baƙin giranait da yawa basa sha ko kaɗan. Wanda ake so shine mai shigewa cikin dutse, ba mai kwanciya a sama kamar fenti ba. A shafa da tsumma ko abun shafa mai laushi yanki-yanki, a bashi minti 10 zuwa 15 ko yadda jarka ta ce, sannan a goge ragowar tas da busasshen tsumma kafin ya bushe, wanda ya rage a sama danƙo yake zama. In dutsen mai sha ne sosai a ƙara shafa ta biyu. Awa 24 kar ruwa ya taɓa. Ka kuma fahimtar da mai gida cewa sila jinkirta shigar tabo yake don a samu a goge, baya hana lemun tsami ƙona mabul kuma baya ƙara sheƙi.

Gidan Hajiya kwana huɗu muka yi, daga 200 muka fara don ƙunar ta yi zurfi inda jarkar ta zauna. Ranar da zamu tafi na ce a kira min yarinyar da ke goge-goge, don ita ce mai ƙasan kullum, na nuna mata da hannu, shara a bushe tukunna kowace safiya, bokiti biyu ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, murfin jarka ɗaya na sabulun da na bar musu, banda omo banda maganin masai, in zoɓo ko lemo ya zube a dangwale da tsumma nan take kar a shafa shi ya bazu. Na sa aka shimfiɗa tabarmar goge ƙafa ɗaya a waje ɗaya a ciki, aka manna ɗan kyalle a ƙafafun kujeru, tukunyar gas kuma aka ɗora ta kan faifan roba. Ruwan jarkar nan da ya rage a sito na ce Hajiya a bani in tafi da shi, tace ɗauki Malam, dama tsoronsa nake ji.